Ka Je Masar, To Ka Ga Malam?

Wani dare bayan sallar isha'i, muna zaune kan tabarma a ƙofar gidan wani abokinmu cikin birnin Kano, inda muka saba haɗuwa mu taɓa 'yar hira kafin kowa ya nufi iyalinsa, sai ga wani ɗan'uwanmu da ya kwana biyu ba ya gari ya yi sallama, yana tashin ƙamshin turaren da ba na kasuwar Kurmi ba. Bayan an gaisa an yi masa barka da hanya, tun ba a tambaye shi ba ya zaro waya daga aljihu, ya shiga nuna mana abin da ya gano a Masar: ga shi bisa raƙumi dala tana bayansa, ga shi cikin jirgin ruwa a Kogin Nilu da dare, ga shi a wani shagon kasuwar Khan Halili riƙe da fitilar tagulla, har farantin abincin da ya ci a masauki bai tsira ba. Wayar ta zaga hannu-hannu, kowa yana ma sha Allahu. Can sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya san cewa a Azhar mai hotunan nan ya yi karatunsa, ya dube shi ya ce, "To Alhaji, ka kuwa samu ka gai da Malam?" Mutumin ya ɗan yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce wallahi ya yi niyya, lokaci ne ya ƙure masa, amma in Allah ya so zai buga masa waya. Dattijon bai ƙara ko kalma ba, aka koma zancen tsadar man fetur.

Ban kawo wannan labari don in tozarta ɗan'uwanmu ba, domin mutum ne mai kirki, mai hannun kyauta, wanda ba a taɓa jin ya yi wa wani malami rashin kunya ba. Na kawo shi ne saboda amsar da ya bayar ta zama amsar jama'a da yawa, har ta kai ba a jin nauyin faɗinta, ba a kuma mamakin jinta. Kuma abin da mutanen kirki suka saba yi ba tare da sun ga aibinsa ba shi ya fi cancantar a tsaya a yi magana a kansa, tun da ɓarnar da kowa ya san ɓarna ce ba ta rasa masu wa'azi.

1. Yadda ake jera buƙatun tafiya

Tun kafin samun mulkin kai har zuwa yau ƙasar Hausa ba ta fasa aika 'ya'yanta neman ilimi ƙasashen waje ba, Masar kuwa ta ɗauki kaso mai tsoka, balle bayan dokar 1961 da ta shigo da likitanci da injiniya da sauran fannonin zamani cikin Azhar. Yaro zai tafi da akwatinsa ɗaya, ya sauka a Madinatul Bu'us, wato masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ya sha sanyin Janairu irin wanda hunturun gida bai taɓa nuna masa ba, ya koyi cin wake da gurasa safe da yamma. A cikin waɗannan shekaru na baƙunci da ƙarancin guzuri, da wuya a sami ɗalibin da bai gamu da wani malami guda da ya ɗauke shi fiye da ɗalibi ba: wanda ya gyara masa harshe, ya ara masa littafin da ba shi da kuɗin saye, ya rubuta masa takarda ranar da izinin zamansa ya ƙare, wataƙila ma ya kira shi gida buɗa-baki a Ramalana, ya zaunar da shi tsakanin 'ya'yansa.

Shekaru su shuɗe, yaron ya zama alƙali ko likita ko malamin jami'a ko ɗan kasuwa, Allah ya buɗa masa, wata rana ya yanki tikitin 'yan kwanaki zuwa garin nan da ya raine shi. To dubi yadda yake jera buƙatunsa. Na farko asibiti, in akwai ganin likita. Na biyu kasuwa, domin uwargida ta ba da sautun abaya, amarya ta ba da na turare, suruki yana son jallabiya, abokan ofis kowa da nasa. Na uku dala da Kogin Nilu da gidan tarihi, saboda yara su gani a waya. Gaisuwar malami, in ma ta samu shiga jerin, ita ce ta ƙarshe, a ajiye ta ga yammacin ranar tashi, tsakanin ɗaure kaya da tafiya filin jirgi. Duk wanda kuwa ya san cinkoson motocin Alƙahira ya san cewa abin da aka ajiye wa wannan yammaci an riga an yafe shi. Mai yin haka kamar wanda ya je gidan biki ne ya gai da makaɗa, ya ci tuwo, ya fita bai gai da uwar biki ba.

2. Mutanen da, da abin da ke fitar da su

Da ba haka tafiya take ba a wurin ma'abota ilimi. An ruwaito cewa sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak, kuma Abu Ayyuba Al'ansari ya taso daga Madina har Masar ɗin nan wurin Uƙuba ɗan Amiru don ya ji hadisi guda daga bakinsa, da ya ji kuwa ya hau abin hawansa ya juya. Irin waɗannan labarai sun yi yawan da Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 1071, ya tara su a littafi mai zaman kansa. Abin lura a nan shi ne, mutum ne ake nufa da tafiyar. Gari kuwa, da kasuwarsa da gine-ginensa, ana ganinsa ne a hanya.

Namu magabatan ma wannan tafarki suka bi, kuma Alƙahira ta san sawunsu tun da daɗewa. Maƙrizi ya ambaci wata makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, makarantar Ibn Rashiƙ, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 13 da dukiyar mahajjatan Kanem, suna sauka a cikinta suna kuma aiko mata da kuɗi. A cikin ruwaƙan Azhar, wato sassan da aka keɓe wa ɗaliban kowace ƙasa don kwana da karatu, akwai na Barnawa, akwai na mutanen Takruru. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, kuma wanda rabin Jalalainin da ake ja a masallatanmu kowane azumi daga alƙalaminsa ya fito, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin hisabi da ilimin taurari, ya baro Katsina ya yi hajji ya zauna Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan abokinsa Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. Malam Jibrila ɗan Umaru, a hanyarsa ta hajji, ya zauna gaban Murtala Azzabidi mai Tajul Arusi ya karɓi ijaza, ijazar da ta biyo shi har ƙasar Hausa ta isa ga almajiransa. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrila har Agadas don kada karatu ya yanke, ƙaninsa Abdullahi kuwa ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman don ya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya karanta a gaban kowannensu.

Waɗannan mutane watanni suke yi a hanya, ta Agadas da Fezzan, ko ta Wadai da Darfur, bisa raƙuma, cikin ƙishirwa da tsoron mahara, wasunsu ba sa dawowa. Yau daga Kano zuwa Alƙahira jirgi bai cika sa'o'i biyar a sama ba. Hanya ta gajarta har ta kusa ɓacewa, amma matakalar gidan malami, wadda ba ta wuce a hau ta cikin minti biyu ba, ita ce ta gagare mu.

3. Abin da na tarar a hawa na huɗu

Ba da daɗewa ba bayan waccan hira Allah ya nufe ni da 'yar gajeriyar tafiya zuwa Masar, ba jinya ba fatauci, sai don in huta in ga gari, in kuma sadu da malamin da ya karantar da mu nahawu da balaga, wanda ya daɗe da yin ritaya. Na buga masa waya tun ina gida, na kuma je masa washegarin saukata.

Gidansa yana wata tsohuwar unguwa ce da ba ta da nisa da Azhar, a hawa na huɗu na wani bene da ba shi da lif, irin benayen da za ka ga mata suna zuro kwando da igiya daga baranda, mai gurasa ya saka musu a ciki ya ɗauki kuɗinsa su janye. Jikansa ne ya buɗe mini. Na iske Malam zaune a kujerar da ta lotsa daidai jikinsa, sanye da jallabiya mai kauri, ba rawanin nan fari mai jar hula da muka san shi da shi, sai 'yar hular ulu, littattafai sun cinye bango uku na ɗakin har sun gangaro ƙasa. Idanunsa sun yi rauni ƙwarai, sai da na durƙusa na kama hannunsa na faɗi sunana ya riƙe ni da hannu biyu, ya ce, "Ɗana, ka yi furfura kai ma?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ta zo ba sallama." Ya yi dariya har ya yi tari. Aka kawo shayi baƙi a 'yan kofunan gilashi, aka kawo zoɓo mai sanyi, wanda su ma suke sha yadda muke sha. Na miƙa masa hular Kano da kwalbar zuma. Ya shafa ɗinkin hular da yatsunsa a hankali yana bin zaren, ya tambaye ni ko har yanzu da hannu ake yi, sannan ya gode wa Allah da ban kawo masa goro ba, domin wani ɗalibi ya taɓa ba shi tun yana saurayi, kuma a cewarsa ɗacin bai gama barin bakinsa ba.

Bai tambaye ni muƙamina ba, bai tambayi irin motar da nake hawa ba. Abin da ya tambaya shi ne wane littafi nake karantarwa, su wa ke zama gabana, akwai 'yan mata a cikinsu, suna iya buɗe littafin da ba wasali su karanta. Da na amsa, sai ya sa jikan ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai baƙar fata daga saman kabad, wanda ashe a cikinsa yake rubuta sunayen ɗalibansa na ƙasashen baƙar fata shekara da shekaru, kowane suna da garinsu a gefe: Kano, Zariya, Maiduguri, Damagaram, Kumasi, Abeshe. Ya ce in karanta masa na shekarunmu. Ina karantawa yana tsayar da ni, wane mai yawan tambaya ne, wane a bayan ginshiƙi yake zama don ya yi gyangyaɗi, wane muryarsa ta fi kowa daɗi in yana karanta baiti. Waɗanda na ce sun rasu ya yi musu addu'a da sunansu da na iyayensu. Sa'ad da na iso kan sunan ɗan'uwanmu mai hotuna, Malam ya gyara zama ya ce, "Wannan yaro yana raye kuwa? Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, ina tsoron ko wani abu ya same shi." Na ce yana nan lafiya, Allah ya yi masa buɗi, yana kuma ambaton Malam da alheri. Duk wannan gaskiya ce. Sauran gaskiyar, cewa 'yan watanni kaɗan da suka wuce ya kwana a wani masauki da ke tsallaken kogi, na bar ta a cikina, domin ba kowace gaskiya ake ɗora wa tsoho ba.

Kafin in tashi ya miƙo mini wani sharhin Alfiyyar Ibn Malik, tsohon ɗab'in Masar mai takarda rawaya, ya ce in buɗe duk inda na ga dama in karanta masa, domin ya yi kewar jin littafi daga bakin ɗalibi, jikokinsa duk boko suka yi. Na karanta, yana rufe da ido, leɓɓansa suna riga ni ƙarasa jimla. A nan na gane abin da dattijon nan ya fi buƙata daga gare mu, wanda kuwa ba ya shiga ambulan.

4. Yawon buɗe ido ba laifi ba ne

Kada mai karatu ya zaci ina cikin masu ganin kallon gari ɓata lokaci ne, ko masu cewa dala kabarin Fir'auna ce kada Musulmi ya kusance ta. Tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji, Alƙur'ani mai girma kuwa a wurare da dama ya kwaɗaitar da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen al'ummun da suka gabata don a yi i'itibari. Wanda ya tsaya gindin babbar dalar Giza, wadda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsawonta na asali mita 146, ya ga duwatsun da wasunsu suka kai ƙirjinsa an jera su har sama, ya kuma tuna cewa sarkin da aka yi wa wannan aiki ko gawarsa ba a samu a ciki ba, ya sami wa'azin da ba a samu a littafi. Abin da nake ƙi shi ne a je a dawo da hoto kawai.

Hujjata mafi ƙarfi ga masu cewa ziyarar malami tana cinye lokacin kallo ita ce, ziyarar ita ke gyara kallon. Baƙo makaho ne ko da idanunsa biyu, kuma ɗalibin da ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin masauki da aji, aljihu ba nauyi, sau da yawa bai san garin ba sai hanyar motar haya. Da na gaya wa Malam ina son in zaga, sai ya hana ni bin tsarin masu yi wa baƙi jagora, ya ce in bi garin bisa tsarin shekarunsa. In fara da masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa bayan buɗe Masar wajen shekara ta 641, in ga inda abin ya soma. Daga nan in wuce masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, in hau hasumiyarsa mai matakala ta waje da ke naɗe ta, in dubi faɗin tsakar gidansa. Sannan Azhar, wanda Jauhar Assiƙilli ya aza harsashinsa a 970 don halifofin Faɗimiyya, kuma wanda bayan Salahuddini ya kawar da daularsu a 1171 aka daina sallar Juma'a a cikinsa kusan shekara 100, sai a zamanin Sarki Baibars aka mayar. Malam ya ce in tuna da wannan duk ran da na ga wata makaranta ta durƙushe na ɗauka ta mutu.

Inda ya fi nanata mini shi ne masallacin Sulɗan Hasan da ke ƙarƙashin ganuwar Salahuddini, wanda aka fara gininsa a 1356. Za ka shiga ta wata doguwar ƙofa, ka bi wani lungu mai duhu mai lanƙwasa, kwatsam sai ka faɗo tsakar gida mai haske, da rumfuna huɗu manya suna fuskantar juna, a kusurwoyin kuma makarantu huɗu, ta Malikiyya da ta Hanafiyya da ta Shafi'iyya da ta Hambaliyya, kowacce da ƙofarta da ɗakunan ɗalibanta, amma babban wurin alwala ɗaya ne a tsakiya, alƙibla ɗaya. Na daɗe tsaye a wurin ina tunanin unguwannin da na sani inda masallatai biyu ke kallon juna, kowanne da lasifikarsa, mamun wannan ba ya bin limamin wancan. Sarkin da ya kashe dukiya ya yi wannan gini an kashe shi a 1361 tun ba a gama ba, ba a kuma binne shi a ƙubbar da ya tanada wa kansa ba. Da ban fara da Malam ba, da na shiga na ɗaga waya na ɗauki rufin na fita.

Ya kuma aike ni wani ɗan masallaci a lungun bayan Azhar, inda kabarin Shaihu Ahmad Dardir yake, wanda ya rasu a 1786, mai Aƙrabul Masaliki da babban sharhin Muhtasar na Sidi Halil, littattafan da alƙalanmu da malaman zaure suka tashi a kansu. Motocin masu yawon buɗe ido ba sa zuwa nan. Na tarar da halƙar karatu, samari daga Indunusiya da Afirka ta Yamma da ƙauyukan Masar sun kewaye wani malami, kowa da littafinsa bisa gwiwa, a waje kuma shagunan littattafai sun cika lungun har mutum biyu ba sa iya jerawa. Sauran wuraren, Babu Zuwaila da Khan Halili da ƙubbar Imam Shafi'i, na gan su na ji daɗi. Masu raƙuman Giza kuwa, a daidaita kuɗi da su tun kafin a hau, domin kuɗin sauka ya fi na hawa.

5. Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko waya. Ana cewa zamani ya zo da sauƙi, ga WhatsApp, mutum zai ga fuskar malaminsa daga ɗakinsa. To ni ban raina waya ba, ga wanda ba shi da halin tafiya ita ce iyakar ƙoƙarinsa, Allah kuma ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Amma wanda ya riga ya shiga gari, ya kwana ya tashi a cikinsa, ba shi da wannan rangwame. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ya kuma ce zuwa da kai ya fi saƙo. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi, idonsa ya dushe, hirar waya a wurinsa gaisuwa ce da amsawa da "ba na ji sosai", alhali in kana gabansa zai riƙe hannunka, ya tuna abin da ya manta, ya faɗa maka abin da bai taɓa faɗa a aji ba.

Uzuri na biyu ya fi na farko nauyi, kuma masu hankali ne ke kawo shi: da kuɗin tikiti da masauki, a wannan zamani da naira ta faɗi, ai gara a aika wa malamin ya yi cefane. Akwai gaskiya a ciki, domin fam ɗin Masar ma ya sha ƙasa, a watan Maris na 2024 kaɗai ya tashi daga kusan fam 31 a kan dalar Amurka zuwa kusan 50, mai cin fansho kuwa shi ke fara jin irin wannan a tukunyarsa. Wanda zai fasa tafiya ɗungurungum ya aika da kuɗin, ban da abin ce masa sai sambarka. Sai dai a iya sanina masu wannan magana ba su fasa tafiyar ba, ba su kuma aika da kuɗin ba.

Uzuri na uku ba a faɗinsa a majalisa, amma shi ne na gaskiya a zukata da yawa, wato kunya. Mutum ya yi shekaru bai nemi malaminsa ba, yana jin nauyin ya bayyana yanzu. Ko Larabcinsa ya yi tsatsa, yana tsoron a ji. Ko ya bar fannin da aka koya masa ya shiga kwangila, yana ganin ya ba da kunya. Ga irin wannan ina cewa, malamin da ya yi haƙurin gyara maka jimla ɗaya sau da yawa kana yaro ba zai rasa haƙurin jin uzurinka kana babba ba, kuma jinkirin da ya sa ka jin kunya bana zai ninka baɗi. Ba na cewa ziyarar nan farilla ce da za a yi wa mai barinta hukunci. Haƙƙi ne daga haƙƙoƙin ladabi da muruwwa, irin waɗanda Zarnuji ya yi wa babi a Ta'alimul Muta'allimi, littafin da yawancinmu muka karanta tun muna yara.

A nan dole in ɗan ratse. Wanda malaminsa na allo yake nan Tudun Wada ko Fagge, tafiyar ɗan-sahu ɗaya, bai leƙa shi ba tun sallar bara, in ya ce shaukin malamin Masar ne ya sa shi yankar tikiti, to jirgin yake so.

6. In za a je, a je da ladabi

Ziyara ma tana da ƙa'ida, domin wata ziyarar nauyi ce. A sanar tun daga gida, a bar malami ya zaɓi lokaci, a tuna cewa mutanen Masar da la'asar suke cin babban abincinsu, kuma ba za su bar baƙo ya fita bai ci ba ko da abin da ke tukunyar na mutum biyu ne. Kada a kwashi abokan tafiya biyar da ba su san shi ba a cika masa ɗaki. Kada a mai da zaman na ɗaukar hoto, a jingina da kafaɗar dattijo ana murmushi wa waya don a watsa a Facebook da dogon bayani. In ya yarda a ɗauki ɗaya a ƙarshe, ya isa. Kada kuma a zo da buƙata a aljihu, gaisuwa ba ta gama sauka ba a fito da takardun yaro ana neman a sa baki a sama masa gurbi, domin tsoho yana gane wanda ya zo dominsa da wanda ya zo domin sa hannunsa. A zo da tsaraba daidai hali, in akwai abin sakawa a ambulan a ba jika ko uwargida a ɓoye, a zo da mas'ala guda da ta shige wa mutum duhu, a zo da labarin abin da aka yi da karatun da ya bayar.

Saura uzuri ɗaya da ake iya kawarwa a yau, shi ne na mai cewa bai san inda malam ya koma ba. Ina roƙon ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibanmu na Masar da Sudan da Maroko da sauran ƙasashe, waɗanda ba sa gajiya da shirya walima da taron shekara, su ɗora wa 'yan'uwanmu da ke karatu a can yanzu aikin bin malaman da suka yi ritaya, a san wanda ke raye da unguwar da yake da lambar wani daga iyalinsa, a ajiye a hannun sakatare. Duk wanda zai tafi ya karɓa kafin ya karɓi sautun kowa, ya kuma sa ziyarar a rana ta farko.